Muhawara: "severally" da sauran kalmomin Turanci masu fuska biyu

Ɗanlami Mai Shago: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu Turanci ku taimaka don Allah. Ƙanin maiɗakina zai karɓi rance a wata ƙungiyar ma'aikata, an ce ya kawo mutum uku su tsaya masa, ni ne na ukun. A takardar an rubuta cewa mun ɗauki nauyin bashin "jointly and severally". Na farkon na gane, tare ke nan. To na biyun fa? A iya sanina severally sau da yawa ne. Sau da yawa za mu biya ko ƙaƙa? Ban sa hannu ba tukuna.

Sadiq Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam. Yaya Ɗanlami ai wannan mai sauƙi ce. Kamar ka ce na kira shi severally, wato na yi ta kira. Nufinsu za a riƙa biya kashi-kashi, duk wata.

Barista Hadiza: Sadiq, Allah ya shirye ka, kada ka jefa bawan Allah a rami. Malam Ɗanlami, ajiye biron nan tukuna. A Turancin shari'a severally ba ta da wata alaƙa da sau nawa. Ma'anarta kowa shi kaɗai, a ware. Idan aka haɗa kalmomin biyu, abin da takardar ke cewa shi ne: ku ukun kun ɗauki bashin tare, kuma kowane ɗayanku ya ɗauke shi gaba ɗaya a kansa. A ce rancen naira dubu 600 ne. Kai a lissafinka naka dubu 200 ne idan abu ya ɓaci. Ba haka ba ne. Masu kuɗin suna da damar su ƙyale sauran biyun, su zo shagonka su ce ka biya dubu 600 cif, don kai ne suka ga kana da abin hannu. Bayan ka biya, kai ne za ka bi 'yan'uwan naka ka nemi kasonsu, ko da ta kotu. In ka yarda da haka, bismillah. In ba ka yarda ba, ka ce a rubuta iyakar abin da ka tsaya wa, da lambobi.

Ɗanlami Mai Shago: Innalillahi. Barista Allah ya saka da alheri. Sauran biyun ɗaya ɗalibi ne, ɗaya kuma albashinsa bai kai ya kawo ba. Ashe ni kaɗai ake nema. Zan zauna da su da daddare.

Malam Habu Tsohon Ticha: Barista ta gama magana. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Asalin several daga Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci, kuma tushenta ɗaya da separate da sever, duk rabuwa ce da yankewa. Da farko ma'anarta rarrabe. Daga baya ta koma nufin 'yan kaɗan, fiye da biyu amma ba tuli ba. To severally ita ba ta bi yayarta ba, ta tsaya a tsohuwar ma'ana. Mu ne nan muka ga several, muka lanƙaya mata wutsiya, muka ce sau da yawa. Ni a ajina jan biro take sha. Kuskure ne, komai yawan masu yinsa.

Sadiq Ɗan Jami'a: Allah ya gafarta Malam, a nan kam zan ja. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, kuma severally da ma'anar sau da yawa tana ciki. Akwai okada, danfo, buka, tokunbo, next tomorrow, har da Kannywood tamu. Daga baya suka ƙara suya da japa. In masu harshen sun karɓa, mu wa ya aike mu?

Malam Habu Tsohon Ticha: Ɗana, ka san aikin wannan ƙamus kuwa? Ba alƙali ba ne, marubucin tarihi ne. Tun da aka fara fitar da shi a 1884 har aka kammala bugun farko a 1928, abin da James Murray da waɗanda suka biyo shi suka yi shi ne tattara yadda mutane suka yi amfani da kalma, a wace shekara, a wane wuri. Akwai ashar a cikinsa, akwai zagi. Shigar kalma ba ta nufin ka rubuta ta a jarrabawar WAEC. Kuma ka duba da kyau, sun yi mata alama cewa a Afirka ake faɗinta haka. Wato suna gaya wa Bature ne abin da za ka nufa idan ka faɗa, ba su ce shi ma haka zai nufa ba.

Sadiq Ɗan Jami'a: To amma Malam ai Amurkawa ma haka suka yi. Noah Webster ya fitar da nasa ƙamus a 1828, ya cire harafin u daga colour, ba wanda ya ce musu kuskure. Don su suna da jiragen yaƙi, mu ba mu da su?

Barista Hadiza: Sadiq yana da gaskiya ta wani ɓangare, Baba Malam ka yi haƙuri. Ni ban ga laifin ɗan kasuwar Kwari ya ce wa abokinsa na Legas ya kira shi severally ba, sun fahimci juna, magana ta ƙare. Inda nake tsayawa shi ne takarda. Dokokinmu da kwantiraginmu daga Ingila muka gaje su, da tsohuwar ma'anarsu. Mutum zai shekara yana jin kalma a rediyo da ma'ana ɗaya, ranar da ya gamu da ita a takardar banki sai ta juya masa baya. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Consideration a titi tunani ne ko la'akari, a kwantiragi kuwa abin da ka bayar a madadin abin da ka karɓa. Execute a jarida kisa ne, a ofishinmu sa hannu a takarda. Na taɓa gaya wa wani dattijo cewa gobe za mu yi executing, ɗansa da ke fassara masa ya zaro ido.

Garba Direban Tanka: Salamu alaikum. Tunda an taɓo wannan, ni ma ga tawa. A jikin tankar da nake ja an rubuta highly inflammable da jan fenti. Wani yaro ɗan sakandare ya tsaya yana gardama da yaron motata a tasha, wai an yi kuskure, "in" ɗin farkon kalmar ai korewa ce, kamar incorrect da invisible, don haka an rubuta ba ya kama wuta ke nan. Mu dai mun san fetur muke ɗauka. Wa ya fi gaskiya?

Malam Habu Tsohon Ticha: Malam Garba, yaron ya yi tunani mai kyau, ya faɗa rami mai kyau. Wannan "in" ɗin iri biyu ce a Latin. Akwai ta korewa, akwai mai nufin ciki ko shiga. Inflammable daga inflammare take, cinna wa abu wuta, ta biyun ke nan. Don haka ita da flammable abu ɗaya ne, duka mai saurin kamawa. Saboda irin wannan ruɗanin ne masu harkar kashe gobara a Amurka suka fara matsa wa mutane tun shekarun 1920 cewa a riƙa rubuta flammable kawai. Wanda ba ya kamawa shi ne non-flammable. Ka gaya wa yaron kada ya gwada da ashana.

Akwai ƙanwarta, invaluable. Mutum ya ji an ce taimakonsa invaluable ne ya yi fushi, alhali an ce masa ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi. Haka priceless. Marar daraja shi ne worthless. Sai kuma ta ɓangaren da ya fi ba ni haushi a wajen walima: mai gabatarwa ya tashi zai yabi babban baƙo ya ce masa notorious. Wannan shahara ce ta mugun abu. Ɗan fashi ake ce wa haka.

Ummi Nas: Baba Malam ka tuna min. Ni a arewacin Ingila nake aikin jinya, kuma wallahi manyan kalmomin likitanci ba su taɓa ba ni wahala ba, don mun haddace su tun a makaranta. Ƙananan ne suka sha ni. Majiyyaciya ta ce min ba ta ci tea ɗinta ba. Na ce ci kuma? Ashe a can abincin yamma ne tea, na rana kuma wasu dinner suke ce masa. Ka shiga ɗaki abokiyar aiki ta ce you alright, ka ɗauka ta ga alamar ciwo a fuskarka, nan kuwa gaisuwa ce kawai, kamar mu ce ya ya dai.

Sai sorry. Mu sannu muke fassarawa. Wani ya yi tuntuɓe ka ce sorry, ya juyo ya ce ai ba laifinki ba ne. Su ma suna faɗinta a ta'aziyya, amma ba a kan kowane atishawa da tuntuɓe ba. Well done kuma ba sannu da aiki ba ce, yabo ne bayan an gama, kuma yawanci babba ke faɗa wa ƙarami. Ka faɗa wa shugabarka tana tsakiyar aiki, sai ta yi maka wani kallo. Ga I am coming da muke faɗa muna fita daga ɗaki. Wannan ina zuwa ce tsagwaronta muka sa wa kwat.

Wadda nake roƙon ƙannenmu mata su kiyaye ita ce escort. A gida rakiya ce, ba komai. A can in aka ce mace escort ce, galibi ana nufin mai zaman kanta da ake biya. Kada ki rubuta wa kowa cewa za ki zama escort ɗinsa zuwa tasha.

Hajiya Rabi Mai Atamfa: Subhanallahi. Ummi gara da kika faɗa. 'Yata tana shirin tafiya karatu, yanzu zan tura mata.

Ummi Nas: Hajiya ki ƙara mata da pants. A Ingila ɗan kamfai ne, a Amurka wando. Kuma ta ɓangaren asibiti, wannan har a gida: chronic ba ta nufin mai tsanani. Daga kalmar Girkanci ta lokaci take, ciwo ne mai daɗewa, kamar hawan jini ko ciwon suga. Wanda ya taso farat ɗaya shi ne acute. Mutum zai ji likita ya ce ciwonsa chronic ne ya fara wasiyya, alhali an ce masa ne zai daɗe yana shan magani.

Sadiq Ɗan Jami'a: Duk kun tsaya a ƙananan kalmomi. Ni fa manyan nake so. Wa ya san defenestration? Wa ya san floccinaucinihilipilification? Haruffa 29 ne, ku ƙirga.

Garba Direban Tanka: Wannan kalma ce ko lambar inji?

Malam Habu Tsohon Ticha: Ta biyun ɗaukar abu a matsayin banza ne, kuma ɗaliban Latin ne suka harhaɗa ta don wasa, daga ƙananan kalmomi huɗu masu nufin abu marar amfani. Ba wanda ke faɗinta sai don a ce ya iya. Ta farkon kuwa tana da labari. Fenestra taga ce a Latin, kalmar na nufin wurgo mutum ta taga. A watan Mayun 1618 a birnin Prag, manyan 'yan Furotesta suka shiga fada suka jefo wakilan sarki biyu 'yan Katolika da sakatarensu ta taga. Ikon Allah duka ukun ba su mutu ba. Amma daga nan aka shiga yaƙin da ya ɗauki shekara talatin, har 1648, ya cinye tsakiyar Turai. Yanzu 'yan jaridar Ingila kan yi amfani da ita idan jam'iyya ta tunkuɗe shugabanta ba shiri.

Tunda kana son irinsu, ga biyu masu amfani. Boycott sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan. A 1880 manoman haya suka nemi a rage musu kuɗin haya, aka ƙi, aka fara korarsu. Sai gari ya haɗa baki: ba mai yi masa aiki, ba mai sayar masa, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa. Kafin shekara ta ƙare sunansa ya zama kalmar ƙaurace wa. Gerrymander kuma daga Elbridge Gerry ne, gwamnan Massachusetts, wanda a 1812 ya sa hannu aka yanka mazaɓu yadda jam'iyyarsa za ta ci. Wata mazaɓar ta fito a taswira a karkace kamar wata halitta mai kama da ƙadangare da suke kira salamander, sai 'yan jarida suka haɗa sunan biyu.

Barista Hadiza: Kun lura da wani abu? Duk waɗannan da Sadiq ke ƙauna ma'ana ɗaya gare su. In ba ka san defenestration ba, ka san ba ka sani ba, za ka buɗe ƙamus. Ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba. Wadda kake ganin ka sani ita ce ba za ka duba ba. Da masu ƙamus na Oxford suka sake aikin kalmar run, sun ƙirga mata ma'ana 645 a matsayin aikatau kaɗai. Haruffa uku. A bugun 1989 set ce ke kan gaba da 430. Mu kuma a makarantunmu wanda ya iya jero dogayen kalmomi shi ake ce wa ya iya Turanci. Kun tuna Honarabul Patrick Obahiagbon na jihar Edo a majalisar wakilai, yadda mutane ke taruwa su saurare shi don nishaɗi. To yaranmu da yawa sun ɗauka wannan ne ƙololuwa. Ina karanta takardun neman aiki, yaro zai zuba kalmomi masu gaɓa shida, amma bai san bambancin borrow da lend ba.

Sadiq Ɗan Jami'a: Anti Barista wannan jifa ce, kuma ta same ni. Amma borrow me your pen ai kowa na faɗa.

Malam Habu Tsohon Ticha: Don Hausa da aro ɗaya take aiki, ara min, na ara. Turanci ya raba: mai karɓa borrow, mai bayarwa lend. Mu kuma mun raba inda su ba su raba ba, aro daban, rance daban, bashi daban. Ba wanda ya fi wani, kowa da inda ya ja layinsa.

Mushe Ilya Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni malamin lakwal ne, da Faransanci muka tashi, Turanci daga baya na koye shi, kuma mu tamu matsalar daban ce. Kalmomin sun yi kama har ka saki jiki. Actuellement a wurinmu yanzu ne, actually kuwa a gaskiya. Librairie kantin sayar da littattafai ne, library ɗakin karatu. Éventuellement wataƙila ne, eventually kuwa daga ƙarshe, tabbas. Ka duba wannan ta ƙarshen: ɗan kasuwar Maraɗi ya rubuta wa na Kano cewa eventually zai sayi kaya, shi yana nufin mai yiwuwa, na Kano ya riga ya ɗaure kaya.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta lissafi. Abin da kuke ce wa biliyan, miliyan dubu, mu miliyar muke cewa. Billion a Faransanci miliyan sau miliyan ne, wato tiriliyan ɗinku. Mai fassara labarin kasafin kuɗi in bai yi hankali ba sai ya ninka dukiyar ƙasa sau dubu.

Malam Habu Tsohon Ticha: Mushe, barka da zuwa. Ingila ma a da can irin lissafinku take yi. Sai a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta ce daga yanzu a alƙaluman hukuma billion miliyan dubu ne, irin na Amurka. Don haka wanda ke karanta tsohon littafin Ingila ya kula. Kamannin da kake gani kuma ba haka kawai ya zo ba. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, aka yi ƙarnuka fada da kotu suna Faransanci, talaka yana Turancinsa. Shi ya sa dabba a garke take da sunan Turanci, cow, sheep, calf, in ta hau faranti ta koma beef, mutton, veal, waɗanda ka san su a boeuf, mouton, veau. Kalmomin sun shiga tun a wancan zamani, kowane harshe ya ci gaba da juya nasa, shi ya sa yau suke kama a fuska, hali ya bambanta.

Mushe Ilya Maraɗi: To Malam ga wata da ta dame mu kwanan baya. Lokacin da CEDEAO, wadda kuke ce wa ECOWAS, ta sa mana takunkumi a ƙarshen Yulin 2023, kullum sanctions muke ji. Sai na karanta a wata jarida an ce gwamnati ta yi sanctioning wani aiki, kuma nufinsu ta amince. Yaya kalma ɗaya za ta zama hukunci kuma ta zama izini?

Barista Hadiza: Asalinta doka ce da aka tabbatar, daga kalmar Latin ta tsarkakewa, danginsu ɗaya da saint. Doka kuwa tana da hannu biyu, tana halattawa, tana hukunta wanda ya karya. Kowace ma'ana ta kama hannu ɗaya ta tafi da shi. Dabarar da nake bi: in an ce an sa sanctions a kan wani, takunkumi ne. In an yi sanctioning wani aiki ko shiri, yawanci izini ne. In mutum aka yi wa, yawanci hukunci ne. Na ce yawanci, sai ka karanta abin da ke gaba da baya.

Table ma haka take, amma ita teku ce ta raba ta. A majalisar Ingila, da tamu da ta gaje ta, in an yi tabling ƙudiri an gabatar da shi ne a tattauna. A Amurka an jingine shi ke nan. Churchill, tsohon firayim ministan Ingila, ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta musu a lokacin yaƙin duniya na biyu, na Ingila suna cewa a yi tabling wata takarda don tana da gaggawa, na Amurka suna cewa sam ba za a yi ba don tana da gaggawa. Abu ɗaya suke so.

Admin: Jama'a a tsaya kan kalmomi, kada maganar takunkumi ta ja mu siyasa. Na goge saƙo biyu.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Ina ta bibiya. Abin da ba a faɗa ba shi ne yawancin Turancin nan daga Larabci aka ɗebo shi. Algebra daga aljabru ce, a sunan littafin Alkhawarizmi na Bagadaza, kuma sunansa ne ya zama algorithm da 'yan kwamfuta ke ta faɗa. Magazine daga makhazin, rumbunan ajiya. Admiral daga amir. Sugar, cotton, duk namu ne.

Malam Habu Tsohon Ticha: Ustaz, misalanka duka daidai ne, yawancin ne ban yarda da shi ba. Kalmomin Larabci a Turanci suna da yawa, amma ba su kama ƙafar na Latin da Faransanci ba, kuma galibinsu ta Sifen da Italiya da Faransa suka bi kafin su isa. Ka manta ma da wadda ta fi daɗi. Alcohol daga alkuhl take, kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido. Masu haɗa magunguna na Turai suka ɗauki kalmar suna nufin duk garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, daga nan ta koma duk abin da aka tace aka fitar da tsantsarsa, daga nan ta tsaya kan tsantsar giya. Kwallinmu da barasarsu kakansu ɗaya. Haka sifiri da zero da cipher, duk sifr ce.

Ustaz Nura: A'uzu billahi, kwalli kuma? To na karɓa. Amma news fa, an ce north, east, west, south ne aka haɗa.

Malam Habu Tsohon Ticha: Ƙarya ce mai daɗin ji. Jam'in new ce kawai, sababbin abubuwa, kamar nouvelles a Faransanci, Mushe zai shaida. Duk labarin da aka ce tsohuwar kalma daga haruffan farko aka haɗa ta, ka yi masa kallon tsanaki, don wannan ɗabi'ar ta ƙarni na 20 ce, irin su radar da laser. Salary ma ana cewa wai da gishiri ake biyan sojan Rum. Kalmar tana da alaƙa da sal, gishiri, wannan gaskiya ne, amma babu wani tsohon rubutu da ya nuna an biya soja da shi. Mu ma muna da irinta a gida: an daɗe ana cewa boko daga book take, sai Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin bogi ko algus.

Sadiq Ɗan Jami'a: To Malam ka kama kanka. Kai da bakinka ka ce kwalli ya zama giya. Na karanta cewa nice da farko wawa take nufi, daga kalmar Latin ta jahili. Silly kuma mai albarka. Meat kowane irin abinci, deer kowace dabba, girl kowane yaro, mace ko namiji. Duk waɗannan wani ne ya fara yin kuskuren, wani tsohon ticha ya ja masa jan biro, yau ga shi su ne daidai. Me zai hana severally tamu?

Malam Habu Tsohon Ticha: Ba abin da zai hana. Bayan shekara ɗari biyu ka zo ka same ni mu yi magana. Kafin nan akwai jarrabawa a watan Mayu.

Hajiya Rabi Mai Atamfa: Ni dai abin da na gani, mu ma mun yi wa nasu abin da muka ga dama. Bariki ai gidan soja ne, yanzu in aka ce mace 'yar bariki ce kowa ya san ba soja ake nufi ba. Kanti daga wurin cin abincinsu ne, mu muka mai da shi shago. Ni da mai sayen atamfata kowa kwastoman kowa ne, ni ina ce mata kwastoma, ita ma haka take ce min.

Garba Direban Tanka: Gosulo fa Hajiya? Mun kwana a cikinsa a hanyar Abuja.

Ummi Nas: Malam Garba a nan go-slow ba cunkoson mota ba ne, wani salon yajin aiki ne, ma'aikata su zo amma su riƙa jan ƙafa da gangan. Na taɓa cewa go-slow ne ya makarar da ni, aka tambaye ni wace ƙungiya ce ke yi.

Malam Habu Tsohon Ticha: To ga aikin gida, Sadiq kai nake nufi. Oversee da overlook. Over ɗaya, see da look duk kallo ne. Ba tare da ka buɗe waya ba.

Sadiq Ɗan Jami'a: Oversee kula da aiki, sa ido. Overlook kuma abu ya wuce ka ba ka gani ba, ko ka kau da kai. Malam wannan ai ta 'yan aji uku ce.

Malam Habu Tsohon Ticha: Madalla. To kwamitin majalisa ya ce ya je oversight, sai aka gano an bar wani kwantiragi ba a duba ba, shugaban kwamitin ya ce oversight ne. Wanne daga cikin biyun ya yi?

Sadiq Ɗan Jami'a: Ina zuwa.

Barista Hadiza: Ka faɗe ta da Turanci mu ji.